Jan Tabo a Gindin Turke

Da ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar Talata aka ɗauke wuta a garin, kuma babu wanda ya ko ɗaga kai, domin abu ne da aka saba. Sai bayan azahar labari ya shigo cewa wannan ba irin ɗaukewar kullum ba ce. Babban turken ƙarfe na arba'in da ɗaya, mai ɗauke da manyan wayoyi ta tsakiyar gonakin bayan gari, ya kife. A ƙarƙashinsa an sami gawar mai duba layi na kamfanin wuta, wanda a gidansu ake ce wa Auta. Ƙafafun turken biyu an yanke su fes, ga kuma zarto yashe kusa da hannun mamacin.

Kafin la'asar gari ya gama shari'a ya yanke hukunci. Kamfani ya ba da sanarwa cewa aikin ɓarayin ƙarfe ne, mutane suka ƙarasa sauran da bakinsu: ɓarawon gida ne, ya je yanka abin da aka ba shi amana, abin ya faɗo masa. Wa zai saya? Ai ɗan gwangwan na bakin kasuwa, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ga ma sawun kurarsa can an gani a wurin. Da ƙyar 'yan sanda suka fitar da shi ta ƙofar baya, lokacin matasa sun fara tara tayoyi a gaban shagonsa.

Da yammar nan uwar Auta ta zo gidan ƙaninta. Shekara talatin ya yi yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu farautar sata, har wuyansa ya saba da kallon ƙasa, aka laƙaba masa Sunkuyau. Ta ƙi zama a tabarmar da ya shimfiɗa mata.

"Ban zo kuka ba," in ji ta. "Gidana cike yake da masu gaisuwa, suna ba ni haƙuri da baki, idonsu na ƙirga kujerun ɗakina, wai ko da kuɗin ƙarfe aka saye su. Ɗan nan a gabanka ya girma. Ka je ka dubo mini."

"Yaya, in na je, abin da ƙasa ta faɗa shi zan kawo miki. Ba na iya gyara mata magana."

"Da mai gyara magana nake nema, da ban taka ƙofarka ba."

Ya ɗauki sandarsa.

*

Tun kafin ya hango turken ya ji wani abu ya canza. Duk wanda ya taɓa bi ta hanyar nan ya san ƙugin da manyan wayoyi ke yi, zuuu, dare da rana, har a cikin haƙora ake jinsa. Yau babu. Shirun ya yi yawa har yana jin takunsa na biyo shi. Turken na kwance ya ratsa gonaki biyu kamar ƙasusuwan wata dabba da ba a san irinta ba, wayoyi sun zube a ciyawa.

Sufeton 'yan sanda ya sa an kewaye wurin da igiya, ya kuma hana shi shiga.

"Baba, na san sunanka, amma kai kawun mamaci ne. Tsaya daga waje."

Sunkuyau bai yi musu ba. Tsoron wayoyi ya hana 'yan kallo matsowa, don haka ƙasar wajen igiyar ma ba ta lalace ba. An yi ruwa daren Litinin, taɓo ya riƙe komai. Ya tsuguna kan sawun kurar ɗan gwangwan ya daɗe, sannan ya kira Sufeto.

"Ranka ya daɗe, leƙa cikin sawun nan. Me ka gani?"

"'Yan ramuka."

"Ɗigon ruwan sama ne. Ruwa ya sauka a kan sawun, ba sawun ne ya taka ruwa ba. Kurar nan ta wuce tun kafin daren jiya."

"To ya zo leƙen wuri ne kafin ranar aiki."

"Mai yiwuwa," in ji Sunkuyau. Ya matsa gaba, inda motar kamfani ta tsaya. Direban tashar wuta ne da Injiniya, shugaban tashar, suka ce sun gano turken da ƙarfe ɗaya na rana, suka kira 'yan sanda. Amma tayar motar ta bar sawu iri biyu. Ɗaya ya lotsa cikin ɗanyen taɓo, gefensa ya zubo. Ɗayan ya fasa ɓawon ƙasar da rana ta riga ta busar. Mota ɗaya, zuwa biyu, tsakaninsu awanni. Ya dubi Sufeto, ya ga mutum ne da ya riga ya rufe littafinsa, sai ya haɗiye maganar.

*

Da safiyar Laraba aka bar shi ya ga ɗan gwangwan ta bayan ƙarafunan ɗakin tsaro. Idon mutumin ɗaya ya kumbura.

"Baba, wallahi tsohuwar garma na je ɗauka ran Lahadi, a gidan tsohuwar nan mai gona a gindin turken. Ka tambaye ta. Ni me zan yi da ƙafar turke? A aljihu zan ɓoye ta?"

"Ka san Auta?"

"Na san shi. Sau biyu yana shigowa shagona yana bincika tarin ƙarfe, wai ko an kawo mini kusoshin kamfani. Har faɗa muka yi. Yau kuma wai abokin satata ne." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

Tsohuwar tana zaune ita kaɗai a wani ɗan gida a ƙarshen gonar. Kowa ya san ta da tsine wa turken tun ranar da aka kafa shi a tsakiyar gonarta, har wasu na cewa a bincike ta ita ma. Sunkuyau ya dubi hannuwanta, da ko kofi ba sa riƙewa sai sun yi rawa, ya bar wannan zancen a nan.

Garma kam, in ji ta, ita ta ba ɗan gwangwan. Sannan ta jawo kujerarta kusa, ta rage murya.

"Wata uku ke nan abin nan yana kuka. In iska ta taso sai ka ji shi, iiiy, kamar tsohuwar ƙofa. Hankakin da suka yi sheƙa a kansa duk sun tashi. Na gaya wa yaron nan mai duba layi, ya ce ya sani, Inna, ya rubuta. Kullum ya rubuta."

"Jiya fa?"

"Ina wanke-wanke na ji ƙasa ta girgiza. Na shige ɗaki na sa sakata. Can sai na ji ya ci gaba da kuka yana kwance. Ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar numfashin mai ciwon ƙirji. Ya yi shiru, ya sake. Ya fi awa. Kuma a cikin kukan akwai kamar muryar mutum. Na toshe kunnena. Na ce abin da ke zaune a cikin ƙarfen ne yake fita."

"Bayan ya faɗi kika ji wannan, Inna? Ba kafin ba?"

"Na tsufa, amma na san gaba da baya."

Da ya fito, rana na tsaka, amma tsikar jikinsa a tashe take.

*

Tashar rarraba wuta tana da shingen waya da dogon ɗaki mai sanyi. Allurorin agogunan da ke jikin bango duk sun kwanta, 'yar fitila ɗaya ce ke ci da batir. A jikin ƙusa hular kwanon wani ma'aikaci na rataye, an bar ƙusoshin gefenta babu komai, sai ya gane ta Auta ce. Can sama an manna allunan yabo biyu: tashar da ta fi kowace rashin matsala, shekara biyu a jere.

Mai haɗa rahoto mace ce matashiya, mai tabarau. Ta yi masa gaisuwa, idonta na kan kwamfuta.

"'Yata, ni ban yi boko mai nisa ba. In wuta ta ɗauke, me kike rubutawa?"

"Lokaci, Baba, da yawan wutar da aka rasa, da dalili. Sai in tura hedkwata."

"Dalili kala nawa ne?"

"Manya biyu. Ko lalacewar kaya, ko ɓarnar ɓata-gari. In lalacewa ce, a kan tasha ake lissafa ta, a zo a bincika wa ya yi sakaci. In ɓarna ce, ba laifin kowa ba ne, ba ta shiga lissafinmu."

"Takardun da Auta ke rubutawa fa?"

"Wurin Injiniya suke tsayawa. Ni taƙaitawa kawai ke zuwa mini. Kullum layi ɗaya ne. Duk turaku lafiya."

"Na jiya, yaushe kika rubuta dalilin?"

Ta waiga ƙofa, sannan ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ta ɗora yatsa. An ɗauke wuta tara da minti goma sha biyu. An shigar da dalili, ɓarna, goma saura kwata.

"Injiniya ne ya kira ni a waya ya ce in sa haka. Baba, sai ƙarfe ɗaya aka ce an ga turken. Tun jiya abinci bai wuce mini ba."

Takun takalmi ya katse su. Injiniya ne, dogon mutum mai fara'a, ya kama hannun Sunkuyau da hannu biyu ya yi masa ta'aziyya. Da aka tambaye shi maganar lokaci, ko gezau bai yi ba.

"Baba, shekara ashirin ina aikin nan. In layi ya mutu farat ɗaya irin haka, ba iska ba tsawa, na san hannun mutum ne. Hedkwata kuma ba ta jira, cikin awa ɗaya take son dalili. Na yi hasashe, ya zo daidai. Da ma bai zo ba."

Magana ce mai shiga kunne. Sunkuyau ya gyaɗa kai, idonsa a ƙasa kamar yadda ya saba. Duk ma'aikatan tashar takalmin aiki iri ɗaya ake raba musu. Na sauran sun suɗe sun karkace. Na Injiniya sabo ne ƙal, na mutumin da ba ya shiga jeji, amma an wanke shi kwanan nan, har igiyarsa ba ta gama bushewa ba.

"Jibi masu motar ƙugiya za su zo su yayyanka turken su kwashe," in ji Injiniya yana raka shi. "Mutane sun gaji da duhu."

A bakin ƙofa direban tasha na goge motar da ta riga ta fita tas. Da ya ga Sunkuyau sai ya zagaya bayanta, yana jan ƙafar hagu.

*

Da safiyar Alhamis Sunkuyau ya je ya tsaya a ƙofar ofishin Sufeto har ya fito. Ya gaya masa zuwan mota biyu, da abin da tsohuwa ta ji, da lokacin da ke kwamfuta.

"Taya, da tsohuwa mai jin aljanu, da hasashen Injiniya," in ji Sufeto. "Da wanne zan je gaban alƙali?"

"Da babu ko ɗaya. Ɗaga mini igiyar nan na minti goma. Gobe ba za a sami abin dubawa ba."

Suka tafi tare tun raɓa ba ta bushe ba. Sufeto ya ɗaga igiyar, Sunkuyau ya shiga, taku uku ya tsaya cak.

A ƙasa akwai jan tabo, ja wur kamar an zubar da jini, a gindin kowane kututturen ƙafar da aka yanke. Sufeto ya ja da baya.

"Wannan babu shi shekaranjiya. Na rantse babu shi."

"Yana nan, ranka ya daɗe. Garin ƙarfe ne da zarto ke zubarwa. Ran Talata launinsa ɗaya da taɓo. Raɓar kwana biyu ce ta sa ya yi tsatsa ya nuna kansa." Ya miƙa sanda gaba. "Yanzu ƙirga mini su."

Sufeto ya ƙirga. Biyu a gindin kututture. Sannan wasu biyu can, taku huɗu gaba, daidai ƙarƙashin bakin ƙafafun turken inda suke kwance.

"Mai yanka turke yana tsaye, ƙafa biyu yanka biyu ne, gari kuma a gindi zai zuba. Nan yanka huɗu ne. Waɗancan biyun an yi su ne turken na kwance. Wa ke yanka abin da ya riga ya faɗi, kuma ya yanke shi ta gefe biyu?"

"Wanda ke son cire wani abu daga tsakiya," in ji Sufeto a hankali.

Sawun takalmin aiki ya cika wurin, shi ya sa 'yan sanda suka ɗauka duk na Auta ne. Amma a gefen kowane tabo akwai sawun da zanensa ke da kaifi, har lambar girman takalmin ta fito a taɓo. Sunkuyau ya bi shi. Sawun ya ratsa kunyoyi, ya nufi wata tsohuwar rijiya a gefen gonar, ya tsaya a bakinta, ya juyo.

Sai a ƙarshe ya je inda aka ɗauke gawar. Ya tsuguna ya daɗe, har Sufeto ya kira shi sau biyu. A gefen kai akwai gurbin gwiwoyi biyu, sun lotsa sosai, na wanda ya jima a durƙushe, da marfin robar ruwa. A inda hannun Auta na dama ya kwanta, ƙasa ta kakkarce da yatsu, layi bisa layi, wani ya bushe kafin a ja wani a kansa. Sunkuyau ya sha ganin irin wannan a gefen tarko, inda dabba ta kwana tana jira. Ya miƙe da ƙyar, ya ce a kawo masa ɗan gwangwan da maganaɗisun da yake gwada ƙarfe da shi, da doguwar igiya.

*

Da la'asar Sufeto ya tara su a dogon ɗakin tashar: Injiniya, direba, mai rahoto, tsohuwa, da ɗan gwangwan, wanda har yanzu rigarsa ke jiƙe da ruwan rijiya. Sunkuyau ya kwance wani buhu ya zube abin da ke ciki a kan tebur. Guntayen ƙarfe huɗu ne, kowanne gefe ɗaya yankan zarto mai sheƙi, ɗaya gefen karyayye, baƙi, ya ruɓe. Ya sa babban yatsa ya danna ɗaya, ya ɓarɓashe kamar busasshen biredi.

"Turken nan babu wanda ya kayar da shi," in ji shi. "Tsatsa ta cinye ƙafarsa, ruwan Litinin ya sassauta ƙasa, ya tafi. Wani ya zo daga baya ya yanke inda ya ruɓe ya jefa rijiya, don a rubuta ɓarna. Ana zaton wuta a maƙera, ashe tana masaƙa."

"Kowa zai iya yin wannan," in ji Injiniya. Fara'ar na nan, amma ta daskare.

"Kowa mai sabon takalmi lamba arba'in da huɗu," in ji Sufeto. "Za mu gwada."

Sunkuyau bai ko dubi Injiniya ba. Ya juya ga direba, wanda ke tsaye a jikin bango.

"Ɗana, ba zarto na zo tambayar ka ba. Wani ya durƙusa a kan ɗan 'yar'uwata ya ba shi ruwa. Da ya tashi ya ja ƙafar hagu. Na zo in yi masa godiya ne, in kuma tambaye shi abin da yaron ya ce."

Direba ya zame ya zauna a ƙasa.

"Auta ne ya kira Oga da safe, ya ce ƙafar ta buɗe, a zo a gani da ido tun da takarda ba ta isa. Muna hanya ya faɗi. Mun same shi da ransa, Baba, ƙarfe ya danne shi daga ƙugu. Na ciro waya zan kira asibiti, Oga ya karɓe. Ya ce ba zai kai ba, in kuma aka zo aka ga tsatsar nan, duk tashar ta tafi. Ya ɗauko zarto a bayan mota. Ni na riƙe hannun Auta. Yana kallon Oga yana yanka. Ana cikin yanka na huɗu ya cika."

Tsohuwa ta ɗora hannu biyu a ka. "Ashe mutum ne," ta ce. "Ashe mutum ne nake ji, na toshe kunne."

"Ko an kira ba zai rayu ba," in ji Injiniya, ba ya kallon kowa. "Kun san abin da ake yi wa tashar da ta aika mugun lissafi? Wanda na gada ya rubuta gaskiya, ku tambaya ina yake yau."

"Likita zai faɗi ko zai rayu," in ji Sufeto. "Miƙo hannunka."

Ana sa wa Injiniya ankwa, direba ya ɗago kai.

"Baba, ka tambayi abin da ya ce. Magana ɗaya yake ta maimaitawa. Na arba'in da biyu ma haka yake. A duba na arba'in da biyu, hanyar makaranta ta ƙarƙashinsa ta bi."

Mai rahoto ce ta fara motsi. Ta zauna gaban kwamfuta, ta goge kalmar ɓarna, ta rubuta lalacewa, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, ta tura kafin wani ya ce mata komai.

Kafin rana ta faɗi an je turke na arba'in da biyu. Sunkuyau ya soka wuƙar aljihunsa a ƙafarsa ta gabas, ta shige har ƙota. Aka toshe hanyar da duwatsu. Gari kam sai da ya ƙara mako uku babu wuta, ana ta guna-guni.

*

Ya tarar da yayarsa a ɗakinta, masu gaisuwa cike da tsakar gida. Ya gaya mata an saki ɗan gwangwan, ya gaya mata tsatsa da zarto da rijiya. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"Nan take ya tafi?" ta tambaya.

"A'a, Yaya. Ya jima."

Ta runtse ido. "Shi kaɗai?"

"Akwai wanda ya riƙe masa hannu har ƙarshe."

"Ya kira ni?"

Sunkuyau ya so ƙwarai ya ce i. Kalma ɗaya ce, babu kuma wanda zai ƙaryata shi.

"Bai kira ki ba. Turken gaba yake ta faɗa, wai a duba shi, yara na bi ta ƙasansa."

Sai ga hawaye a idonta, na farko tun ran Talata, amma bakinta kamar mai shirin dariya.

"Shi ne," ta ce. "Ɗana ne wannan, ba a canza mini shi ba. Tashi ka fita ka faɗa wa na waje. Ka ɗaga murya, har na bakin ƙofa su ji."

Ya jingina sandarsa da bango, ya ɗaga labule ya fita.